Tsohuwa ta damƙe mata hannu, wai da gangan ne!

Assalamu alaikum jama'a. Yanzu na tashi daga aikin dare a nan Manchesta, kuma wallahi raina a ɓace yake. A gidan kula da tsofaffin da nake aiki, wata sabuwar ma'aikaciya ta je canza wa wata tsohuwa riga, sai tsohuwar ta damƙe mata yatsu. Yarinyar nan sai fizga take, wai da gangan ne. Wane gangan? Matar da ko 'yar cikinta ba ta ganewa!

Duk wadda ta taɓa raino ta san riƙon nan. Ki sa wa jariri yatsa a tafin hannu, caraf zai damƙe. Ki shafa masa kunci, ya juyo da baki yana neman nono. Wajen wata 6 duk sun ɓace, saboda sashen gaba na ƙwaƙwalwa ya yi ƙwari ya danne su. Dannewa fa, ba gogewa ba. To idan Alzheimer ko wata cutar mantuwa ta ci wurin nan, sai su sake fitowa: damƙa, tsotson cokali, turo leɓe da an taɓa baki. Yawanci sai ciwo ya yi nisa. Ka ja hannunka, riƙon ya ƙara ƙarfi.

Ni bayan hannun tsohuwar kawai na shafa a hankali, ta saki. Har ana tambayata inda na koya. Na ce a ɗakin kakata a Zariya, kyauta. Nan kuwa iyalai sama da fam 1,000 suke zubawa duk mako, amma su leƙo ranar Lahadi da furanni su tafi. Kai, na tuna kunun tsamiyar Hajiya kakata, Allah Ya jiƙanta.

Mu ma dai kada mu cika baki. A gida sai a ce gigin tsufa ne, a ƙyale tsoho ba asibiti, wani wurin ma a laƙaba wa baiwar Allah maita.

Amma don Allah kada ku je kuna gwada iyayenku, don tsoho mai lafiya ma kan nuna alama ɗaya, aikin likita ne. Abin da nake ja muku kunne a kai shi ne abinci. Don baki na tsotso ba shi ke nuna yunwa ba. Kada ku ɗura wa tsoho koko yana kwance. Ku zaunar da shi tukuna, ku bi shi kaɗan-kaɗan, don in ya ƙware, huhu abin yake gangarawa, daga nan sai ciwon huhu, wato namoniya.