Korona: Lokacin da Garkuwar Jiki Ta Wuce Gona da Iri

Jama'a masu sauraronmu, assalamu alaikum.

Akwai abin da ya riƙa ɗaure wa likitoci kai a farkon annobar korona a 2020. Mutum zai yi kwana bakwai yana fama da zazzaɓi da tari, har iyalinsa su fara cewa ai jiki ya yi sauƙi. Ana shiga mako na biyu sai numfashi ya gagara. Ba ya kai ƙarshen magana sai ya tsaya yana haki, 'yar na'urar da ake maƙala masa a yatsa kuma tana nuna iskar oksijin a jininsa ta yi ƙasa da kashi 90. Alhali a wannan lokacin sau da yawa ƙwayar cutar ta riga ta fara raguwa a jikinsa.

Ashe ɓarnar daga cikin gida take. A cikin huhu akwai ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj, masu gadin ƙofa. Da sun ji baƙo ya shigo sai su saki wasu sinadarai, saitokain, su yi kururuwar neman agaji. Fararen ƙwayoyin jini, musamman nutrofil, su yi dafifi zuwa huhu. Idan jiki ya makara wajen tare cutar tun farko, kururuwar ba ta tsayawa: waɗanda suka kawo ɗauki su ma su kira wasu. Ƙananan jijiyoyin jini su fara yoyo, ruwa ya cika 'yan jakunkunan iskar da ke huhu, jini ya riƙa daskarewa yana toshe hanya. Wani lokaci har ƙoda da zuciya abin ke shafa.

Gane wannan ya ceci rayuka masu yawa. A watan Yunin 2020, masu bincike a Jami'ar Oxford ta Ingila suka sanar cewa deksametason, tsohon magani mai araha da ke kwantar da kumburi, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda na'ura ke taimaka wa numfashi, da ɗaya cikin biyar ga masu karɓar oksijin kaɗai. Ga waɗanda ba su buƙaci oksijin ba kuwa, bai amfana musu komai ba.

Nan ne damuwata take. Wannan magani yana nan birjik a shagunan magani a garuruwanmu, wasu ma don neman ƙiba suke shan sa. Wanda ya sha shi a kwanakin farko ya daƙile garkuwar jikinsa ne daidai lokacin da take kokawa da cutar, ga shi yana tayar da sukari ga mai ciwon suga. Likita ne ke duba oksijin ɗin majinyaci ya san ko lokacin bayar da shi ya yi. Don Allah, duk wanda ya ga ɗan uwansa yana haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, a kai shi asibiti a ranar.