Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Ziyarar Ɗakin Binciken Magunguna

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai Martaba, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Sarki lafiya. Hakimai, 'yan majalisa, malamai da ɗalibai, assalamu alaikum.

A madadin wannan sashe ina yi wa Sarki barka da sauka. Ba kasafai fada ke takowa ɗakin da ake kiwon ɓeraye ba, shi ya sa muka ɗauki zuwan nan da girma.

Ranka ya daɗe, aikin da za a nuna maka yau a kan rawaya ne, saiwar nan mai ruwan ɗorawa da iyayenmu ke dakawa su sa a miya, masu maganin gargajiya kuma ke jiƙa wa mai ciwon shawara. Tambayarmu ita ce: da gaske tana kare hanta, kuma nawa ne ya yi yawa?

Ga yadda ake yi. A shanya saiwar a inuwa, a niƙe, a tace ruwanta. Kafin komai sai an gwada ko ita kanta guba ce. Daga nan a kasa fararen ɓeraye kashi-kashi: wasu ba a taɓa su, wasu a ba su farasitamol fiye da kima don hanta ta ji rauni, wasu a haɗa musu da rawaya, wasu kuma da silimarin, maganin da aka riga aka sani, don a samu ma'auni. Hanta in ta ji ciwo takan zubo sinadaran ALT da AST cikin jini, to su muke aunawa. Sannan a yanko ɗan sili na hantar, a rina shi, a duba ta madubin likita. A nan ido ke ganin inda tsoka ta mutu da inda ta tsira.

Amma ɓera ba mutum ba ne, Ranka ya daɗe. Ko sakamakon ya yi kyau, akwai sauran gwaji mai tsawo kafin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta yi wa magani rajista. Ita shawarar ma alama ce kawai: tana iya zama ciwon hanta nau'in B, ko zazzaɓin cizon sauro, ko sikila. Wanda idonsa ya yi ɗorawa asibiti ya kamata ya fara zuwa.

Roƙonmu ga fada shi ne Sarki ya sa baki masu maganin gargajiya su zauna da mu, su faɗa mana yadda suke haɗawa da yawan da suke bayarwa, mu kuma mu rubuta sunayensu cikin aikin, don ilimin nasu ne. A kuma ja kunnen masu shela da lasifika a kasuwanni, kada gobe mu ji ana cewa jami'a ta tabbatar da rawaya.

Yanzu, in Sarki ya yi izini, ɗalibai na jira a ɗakin gwaji. Allah ya ja zamanin Sarki.