Yaro ya zub da jini, ina kotu za ta kai shi?

Bello: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da war haka. Yau ba doguwar gabatarwa, don tun shekaranjiya wayata ba ta huta ba kan maganar saurayin nan da anka soka saboda waya. Barista Asma'u na nan, Maccido na nan. Yaya, tambayar mutane guda ce: wai tunda wanda ya yi sukar bai kai 18 ba, sakinai za a yi?

Asma'u: Wa ya ce musu haka? Malam Bello, wanga zance shi ka fi ci mini rai. Ba wata doka da ta ce yaro shi kashe mutum shi koma gida shi sha fura. Abin da sashe na 50 na Penal Code, wato dokar laifuffuka, ya ce, wanda bai kai shekara 7 ba, ba a kama shi da laifi ko kaɗan. Daga 7 zuwa 12 sai an duba ko hankalinai ya kai shi gane abin da ya aikata. Wanda ya wuce nan, laifi laifi ne. Wurin hukunci ne anka bambanta shi da babba.

Maccido: To ai nan ne mutane ka jin an cuce su, Yaya.

Asma'u: Bari in ƙarasa, ƙanena. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya, ta 2003, ta hana a yanke wa yaro hukuncin kisa, ta hana a jefa shi kurkukun manya. Amma ita dai wannan dokar ta ba kotu ikon tsare shi in laifin mai girma ne, irin kisa ko fashi ko mummunan rauni. Kuma dokar tarayya ce, sai jiha ta yi tata. Mu nan Sakkwato sai 2021 Gwamna Tambuwal ya sa hannu a dokar kare yara. Shekara 18 kenan tsakani.

Bello: Ni dai mahaifin mamacin nike tunani. Ka rene ɗa, ka biya mishi makaranta, wani yaro shi tare shi bakin lungu bayan isha'i saboda wayar da ba ta kai kuɗin tunkiya ba. Sa'annan a ce maka ka yi haƙuri, yaro ne.

Asma'u: Ba wanda ya isa shi ce mishi haka. Kuma abin mamaki, mu da muke garin Shehu, mun manta addini ya riga ya warware wannan. An ɗauke alƙalami daga kan yaro har shi balaga, gaskiya ne, hadisi ne. Amma a Malikiyya, gangancin yaro ana ɗaukarsa kuskure, ba ƙisasi, sai diyya, kuma dangi na wajen uba su ka biya. Raƙumi 100 ko dinari 1,000 na zinari. Jini ba ya tafiya banza. Ku duba hikimar: in baffanni sun san aljihunsu zai ji a jika, wa zai zura ido ɗan ɗan'uwansa na yawo da wuƙa a ƙugu? Kuma ku lura, iyakar can balaga ce. In alamomi sun bayyana, ko 15 gare shi, ya zama mukallafi. Sai in ba alama ko guda anka kai shi 18. Shi ya sa kotun da anka kai shari'ar, da shekarun da anka rubuta, su ka juya komai.

Maccido: Shekaru kuma! Yaya, a ƙasar da kowa na da shekaru iri uku? Na gida, na aiki, na ƙwallo.

Bello: Kai Maccido, kar ka fara.

Maccido: Wallahi akwai baffana, tun ina firamare shina cewa saura mishi shekara 2 shi yi ritaya. Na gama jami'a, na yi aure, har yau saura 2.

Bello: (dariya) Lokacin baffa ba ya tafiya. Mu kuma a unguwarmu akwai wanda ya tafi gwajin 'yan ƙasa da 17, matarsa ta rako shi tasha da goyo.

Maccido: Ai shi ya sa FIFA ta kawo na'urar nan mai duba ƙashin wuyan hannu don gane shekaru a 2009, lokacin da munka karɓi baƙuncin gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da 17. Mutane da yawa sunka koma gida shiru.

Bello: Kuma duk da haka Suwizalan ta ci mu ɗaya da nema a wasan ƙarshe, a Abuja, gaban mutanenmu. Ranar ko tuwo ban ci ba.

Maccido: Da baffana anka sa a gaba da mun rama, har yau matashi ne.

Asma'u: To, kun gama? Don abin da kuke wa dariya, ni kuka na gani a kansa. Yaro ba takardar haihuwa, sai a dube shi da ido, a ga dogo ne, a rubuta 19 a takardar tuhuma, don aiki shi yi sauƙi. Wani kuma ƙato mai gemu, uba na da hali, a je a yi rantsuwar shekaru a dawo da shi 16. Na taɓa zama wata kotu anka shigo da wani yaro, ankwa ɗaya ta haɗa shi da wani magidanci, hannunsa har zamewa yake cikin ƙarfen don siranta. Rigar da ke jikinsa ta wani ce, ta sauko har gwiwa. Uwar na baya riƙe da kula ta abinci, ba ta san ma an ɗage zaman ba sai da masinja ya gaya mata. Wata nawa kenan yaron na kwana cikin manya, ana jiran shawara daga ma'aikatar shari'a. Ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba.

Bello: Subhanallahi.

Asma'u: Kuma kowa ya ga irinta a talabijin. Nuwamban 2024, yaran zanga-zangar nan da anka kai Babbar Kotun Tarayya a Abuja, wasu sunka yanke jiki sunka faɗi, anka sa belin naira miliyan 10 kowanne, sai da Shugaba Tinubu ya ce a sake su. Waɗancan kyamara ta gan su. Na ɗakin jiran shari'a a jihohi fa? Shi ya sa nike cewa rigimarmu ba a bakin alƙali take ba. Ko ya ce a kai yaro gidan gyaran hali, ina gidan? Bostal ɗin da anka sani na tarayya, wato gidajen horon matasa masu laifi, Kaduna, Ilori, Abekuta. Uwa daga Gidan Igwai ko Mabera, mai saida ƙosai, sau nawa za ta iya zuwa Kaduna? To sai alƙali shi tsaya tsakanin abu biyu: shi ba da beli unguwa ta ce an sayi shari'a, ko shi tura shi cikin manyan 'yan fashi shi fito ya haddace sana'ar. A 2019 an canza wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali, amma yaro na buƙatar malami, da mai koya mishi walda ko ɗinki, da likitan da zai raba shi da ƙwaya.

Maccido: Ƙwayar nan ita nike son mu taɓa. Da masu ba su kuɗin ta lokacin kamfen, don ba daga sama yaran area sunka faɗo ba. An hana maganin tari mai kodin tun 2018 amma...

Bello: Maccido, ga kiran magariba can, kuma Barista na da nisa. Saƙonnin masu saurare ma ko guda ba mu karanta ba, Hajiya daga Runjin Sambo ki gafarce mu, naki zai fara mako mai zuwa. Yaya, a taƙaice, mi iyayen mamaci za su yi?

Asma'u: Su nemi lauya tun yanzu, su riƙa halartar kowane zama, kuma kar su sa hannu a wata takardar sulhu da ba su gane ba. Maganar diyya doguwa ce, sai na zo da littafi.

Maccido: 'Yan siyasar fa?

Bello: Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.