Man Ƙamshi: Ina Gaskiya Ta Tsaya, Ina Talla Ta Fara?

[Hoto: hannu riƙe da ɓawon lemo kusa da kyandir]

Assalamu alaikum jama'a. Ku ɗan dubi hannuna. Ɓawon lemon zaƙi ne wannan. Na lanƙwasa shi, na matsa. Kun ga ɗan feshin da ya fito kamar raɓa? In aka yi haka kusa da wutar kyandir, sai ku ga ta yi tartsatsi, don abin da ya fito ba ruwa ba ne, mai ne. Shi ne ke faɗa wa yaro a ido ya sa shi hawaye idan ana ɓare lemo kusa da shi. To irin wannan man ne ake tarawa a 'yan ƙananan kwalabe masu duhu, ana sayarwa da tsada, ana cewa yana kawo barci, yana kore damuwa, wasu ma har su rantse maka yana warkar da abin da ya gagari asibiti.

Bari mu fara da raba gardama, don mai suna da yawa. Man gyaɗa, man riɗi, man zaitun, har da man habbatus sauda, duk matse ƙwaya ake yi su fito, kuma maiƙo gare su. Ɗiga ɗaya a kan farar takarda, gobe ka dawo tabon yana nan. Man ƙamshin da muke magana a kai, tataccen man da ke ba tsiro warinsa, tashi yake yi ya bi iska, yawancinsa ba ya barin tabon maiƙo. Haka kuma ba shi ne man turaren da ake auno maka a kasuwa ba. Akasarin wannan haɗin masana'anta ne, an yi shi don riga da hula, ba don magani ba, komai daɗin ƙamshinsa.

[Hoto: tukunyar tagulla a kan wuta, bututu ya fito daga murfinta]

Yaya ake fitar da shi? Yawanci da tururi. A zuba fure ko ganye a tukunya, tururi ya ratsa shi ya ɗebo man, ya bi ta wani bututu da aka sanyaya da ruwa, ya koma ruwa ya ɗiga a kwalba. Man ya taso sama, ruwan ya kwanta ƙasa. In furen wardi aka tata, ruwan nan na ƙasa shi ne ruwan wardi. Malaman Musulunci sun daɗe da ƙwarewa a wannan sana'a. Al-Kindi, wanda ya yi zamani a Bagadaza a ƙarni na 9, ya rubuta haɗe-haɗen turare fiye da 100 da yadda ake tace su. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, shi ake danganta wa gyara dabarar tatar wardi da tururi. Alhazan da suka leƙa Ɗa'ifa sun san ana noman wardi a tsaunukanta, ana tsinkarsa tun da asuba kafin rana ta ɗebe ƙamshin.

Ga lissafin da nake so ku riƙe har ƙarshen wannan bidiyo. Kafin a sami kilo 1 na man wardi, sai an tata kilo 3,000 zuwa 4,000 na furen. Buhu nawa ke nan? Wato abin da ke cikin 'yar kwalbar nan ba ganye ba ne irin wanda kaka ke jiƙawa a ƙoƙo. Ƙarfin gona guda ne aka dunƙule wuri ɗaya. Amfaninsa daga nan yake, haɗarinsa ma daga nan yake. Kuma in wani ya miƙo maka cikakkiyar kwalba ya ce tsantsar man wardi ne a kuɗin kwanon shinkafa, ka yi masa godiya ka wuce.

Sunan da Turawa suka ba abin, aromaterafi, wato magani da ƙamshi, bai tsufa ba. Wani Bafaranshe masanin sinadarai mai suna René-Maurice Gattefossé ne ya yaɗa shi. A 1910 wuta ta ƙone masa hannu a ɗakin gwaje-gwajensa, ƙunar ta fara ruɓewa, ya wanke ta da man wani tsiro mai shuɗin fure da ake kira labanda, ya ce ya ga sauƙi. A 1937 ya fitar da littafi a kan lamarin. Labari ne mai daɗin ji, masu talla ba sa gajiya da shi. Amma ku lura, labarin mutum ɗaya ne da hannunsa.

[Hoto: kaskon turaren wuta, hayaƙi na tashi a hankali]

Mu dai ba baƙin ƙamshi ba ne. Ranar Juma'a da turare muke fita masallaci. Amarya ba ta tarewa sai an haɗa mata humra da turaren wuta, kuma kowa ya san matan Maiduguri da na Chadi da Sudan su ne gwanayen wannan fage. Kun taɓa wucewa ta wani lungu, ƙamshin kajiji ko sandal ya buge ku, sai ga ku tsaye a ɗakin kakarku da ta rasu shekara da shekaru, har kuna ganin jeren kwanukanta? Ba ku kuka kira tunanin ba, shi ya zo da kansa.

Akwai dalili. Can saman kogon hanci akwai wasu jijiyoyi masu kama ƙamshi, iri kusan 400 a jikin ɗan Adam. Gano su ne ya sa aka ba Linda Buck da Richard Axel kyautar Nobel a 2004. Saƙon da ido da kunne ke aikawa sai ya bi ta wata tasha a tsakiyar ƙwaƙwalwa kafin a rarraba shi. Na hanci kuwa yanke yake yi, ya faɗa kusa da sassan da ke riƙe da tsoro da farin ciki da tuna baya. Shi ya sa ƙamshi ke taɓa zuciya kafin hankali ya ce uffan.

Don haka in mutum ya ce ƙamshin labanda na kwantar masa da hankali kafin barci, ba ƙarya yake yi ba. An yi gwaje-gwaje da dama a asibitoci, an ga sauƙin fargaba da ɗan gyaruwar barci, amma sauƙin kaɗan ne kuma na ɗan lokaci. Sannan akwai wata matsala da ke ba masu bincike ciwon kai. In ana gwada ƙwayar magani, ana ba rabin mutane ta gaske, rabi ta bogi, ba wanda ya san wacce ya sha. To yaya za ka ɓoye wa mutum ƙamshi? Hancinsa ya riga ya gaya masa. Ƙari a kan haka, yawancin lokaci da tausa ake haɗa man, ita kuwa tausa ko da man kaɗanya zalla aka yi ta, jiki zai saki.

Inda hujja ta fi ƙarfi, abin mamaki, ba wajen shaƙa ba ne. Ɗauki kanumfari. Mafi yawan mansa wani sinadari ne mai suna yujinol, yana kashe zafi na ɗan lokaci, kuma likitocin haƙori na amfani da shi a haɗin da suke cike ramin haƙori na wucin gadi. Warin nan da ke tarar ka a ƙofar asibitin haƙori, da shi a ciki. Kaka ta yi daidai da ta ce a danne haƙori da kanumfari. Sai dai zafin yake ɗaukewa, ramin yana nan yana ci.

Man na'a-na'a kuma, a 1996 wasu likitoci a birnin Kiel na Jamus sun shafa wa masu ciwon kai na gajiya haɗin da ke da kashi 10 cikin 100 na man a goshi, suka ga ya yi aiki kusan daidai da farasitamol. A Ostareliya, a 1990, an gwada man wata bishiyar ƙasar da suke kira bishiyar shayi a kan ƙurajen fuska, kashi 5 cikin 100. Ya rage ƙurajen, sai dai ya fi maganin kemis jinkirin aiki. A Jamus ma akwai ƙwayar man labanda mai miligiram 80 da hukuma ta amince da ita don rage fargaba, amma wannan magani ne da aka auna aka gwada, ba wai ka buɗe kwalbar shago ka kurɓa ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne horar da hanci. Kun tuna lokacin korona, mutane da yawa sun daina jin ƙamshin komai, abinci ya koma kamar dusa a baki. Tun a 2009 wani likita a Dresden mai suna Thomas Hummel ya fito da wata dabara: ƙamshi huɗu, wardi, lemon tsami, kanumfari da zaiti (bishiyar turare, ba zaitun ba), mutum ya riƙa shinshina kowanne safe da yamma har mako 12. Wasu sun sami ci gaba, kuma da korona ta zo likitoci suka koma ga dabarar.

Shi kuwa man shafawar mura mai sanyin nan, wayo yake yi mana. Mantol ɗin da ke ciki ba ya buɗe hanci ko kaɗan. Jijiyoyin jin sanyi yake taɓawa, sai ka ji kamar iska na wucewa sosai. An auna, iskar ba ta ƙaru ba. In zai sa ka yi barci, madalla, amma ka san abin da ka saya.

[Hoto: allon waya, tallace-tallace na wucewa]

Yanzu ga inda talla ke wuce gona da iri. A watan Satumban 2014, ana tsakiyar annobar Ebola, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa kamfanonin Young Living da doTERRA takardar gargaɗi, saboda dillalansu na tallata man ƙamshi a matsayin maganin cututtuka, har da Ebola. Kada mu yi musu dariya. Wata guda kafin nan mu ne muka tashi cikin dare muna wanka da ruwan gishiri muna sha, har aka yi asarar rayuka. Tsoro ne ke buɗe wa irin wannan kasuwa ƙofa. Babu man ƙamshin da aka tabbatar yana warkar da ciwon daji, ko ciwon suga, ko hawan jini, ko zazzaɓin cizon sauro. Mai ajiye maganin asibiti don kwalbar ƙamshi, da ransa yake caca. Ku ma riƙa karanta jikin kwalin maganin gargajiya mai lambar NAFDAC, za ku ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Maganar da ta fi ba ni haushi ita ce, "Ai na itace ne, ba ya illa." Zaƙami ma ai itace ne. Akwai wani mai da ake sa wa a man zafi na ciwon gaɓɓai, sinadarinsa ɗan uwan asfirin ne. In tsantsarsa ce, cokalin shayi 1 daidai yake da ƙwayar asfirin ta manya kusan 20. Ku auna wannan a cikin yaro ɗan shekara biyu. Man zaiti da kafur, ɗan kaɗan yaro zai haɗiya ya fara jijjiga. Man lemon tsami, in ka shafa ka fita rana, fata na iya tashi kamar ƙuna, ta bar baƙin tabo na watanni.

Iyaye mata da ungozomomi, wannan taku ce. A 1980 wasu likitoci biyu a Legas, ɗayansu Farfesa Olikoye Ransome-Kuti wanda daga baya ya zama ministan lafiya, sun nuna cewa jariran da aka haifa da wani rauni na gado a jini sun fi kamuwa da shawara mai tsanani idan ana sa musu hoda mai mantol a cibiya. Wannan raunin ba baƙo ba ne a ƙasarmu, kuma ba a gane shi da ido. Ƙwallayen kafur da ake jefawa a akwatin kayan jariri ma haka suke yi. Cibiya maganinta na asibiti, kulohezidin. Man zafi kuwa kada ya je hancin yaron da bai kai shekara 2 ba.

[Hoto: cokalin shayi, kwalbar man kwakwa, ɗigo na faɗawa]

Babba mai lafiya da ke son gwadawa, ga yadda ake yi. Ba a shafa shi tsantsa. Ɗigo 1 ko 2 a cikin cokalin shayi 1 na man kwakwa, ko man zaitun, ko narkakken man kaɗanya. Ruwa ba ya sirka shi, a sama yake yawo ya manne maka a fata da ƙarfinsa. A fara shafa ɗan kaɗan a cikin dantse, a jira kwana guda a ga ko zai yi ja ko ƙaiƙayi. Mai ciki, mai shayarwa, mai farfaɗiya da mai asma, su tambayi likita tukuna. In na'urar fesa ƙamshi ce, rabin awa ta isa, taga a buɗe. Turaren wuta ma haka: ƙamshinsa daɗi, amma hayaƙi hayaƙi ne, kada a rufe ɗaki da kasko da jariri a ciki. In za a yi sirace, a kawar da yara daga tukunyar, ruwan zafin ya fi man saurin yin ɓarna. Masu kyanwa a gida su yi hattara, hantarta ba ta iya sarrafa irin waɗannan mayuka.

Kwalbar kuma a ajiye ta can sama inda ake ɓoye magani, don ga yaro ƙamshin lemo ko na'a-na'a alewa ne. In tsautsayi ya sa ya sha, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara. Man na iya komawa huhu wajen amai, wannan ya fi shan muni. Ko da ya ga kamar lafiyarsa ƙalau, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a tafi da kwalbar a hannu don likita ya ga abin da ya sha.