Laccar Tarihi: Gonar Haya da Majami'a a Tsibirin Edisto

Jama'a, barkanku da yamma. Tsibirin da za mu yi magana a kansa shi ne Edisto, a gaɓar tekun jihar Karolina ta Kudu a Amurka, inda bayi 'yan asalin Afirka suka daɗe suna noma wata auduga mai dogon sili wadda ta azurta iyayengijinsu. Ginin majami'ar Firesbiteriya da ke can, wanda aka yi wajen 1830, yana da bene a ciki, kuma a kan benen nan bayi suke zama yayin da masu gonaki ke ƙasa.

A watan Janairun 1865, ana dab da gama yaƙin basasa, Janar Sherman na rundunar gwamnatin tarayya ya ba da umarnin raba wa 'yantattun bayi filayen tsibiran yankin, har eka 40 ga kowane iyali. Murna ta koma ciki tun shekarar ba ta ƙare ba, domin Shugaba Andrew Johnson ya yafe wa tsofaffin masu gonaki, aka kuma turo Janar Howard, shugaban hukumar kula da 'yantattun bayi, a watan Oktoba ya shaida wa mutanen Edisto cewa za a mayar da filayen. Mutum uku suka sa hannu a takardar koke zuwa ga shugaban ƙasa: Henry Bram, da Ishmael Moultrie, da Yates Sampson. Ku riƙe sunan na tsakiyar.

Abin da ya biyo baya shi ne tsarin kwana biyu. Manomi zai yi wa mai fili aikin kwana biyu a mako, a ba shi ɗaki da 'yar gona da zai noma wa kansa. Wanda ya san gandu da gayauna zai gane fasalin, sai dai a nan mai gandun ba mahaifi ba ne, ubangijin jiya ne, kuma yana iya korar mutum idan shekara ta juyo.

Ita ma majami'ar haka ta kasance. Baƙaƙen fata sun riƙe ginin bayan masu gonaki sun gudu a lokacin yaƙin, amma da suka dawo sai suka karɓe abinsu. Mutanen ba su koma bene ba. Sun fita sun kafa tasu majami'ar Firesbiteriya, Moultrie ɗin nan ya zama limaminsu. A ganina wannan ɗarika ta dace da su, tunda jama'a ne ke zaɓen dattawan da ke tafiyar da ita, wato manomin da ba shi da ta cewa a gona yana da ƙuri'a ranar Lahadi.

Audugar kuwa, wani ƙwaro mai huda ƙwallonta ya gama da ita wajen 1920, gonakin suka koma kabeji da dankali.