Tukunya cikin tukunya: aikin kimiyya ne ko na fasaha?

Alhaji: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Agege, Legas. Yau ina tare da Malama, mai koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, da Injiniya, mai haɗa wutar sola. Malama, iyaye na kuka. An aiko takarda daga makaranta cewa yaro ya kawo aikin ranar baje koli, ya zaɓi rukuni: kimiyya ko fasaha. Uba ya juya takardar, ya rasa gane bambancin.

Malama: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni abu ɗaya nake tambayar ɗalibi: da me ka fara? In ya ce, "So nake in san dalilin abu kaza," yana kan hanyar kimiyya. In kuwa ya ce, "Wance na fama da matsala kaza, zan ƙera mata maganinta," wannan fasaha ce.

Injiniya: Haka ne. A wajenmu hukuncin gajere ne: ya yi aiki ko bai yi ba? Nawa aka kashe? In ya lalace, wa zai iya gyarawa?

Alhaji: A ba mu misalin da za mu iya taɓawa.

Injiniya: Ga namu na gida. Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya ga kayan miyan manoma suna ruɓewa saboda babu wuta, balle firij. Ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan ke bin iska ta jikin babbar tukunyar, yana tafiya da zafi, sai cikin ƙaramar ya yi sanyi. A 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex a kan wannan. Fasaha ke nan tsantsa: akwai mabuƙaci, akwai kayan da yake iya saya.

Malama: To, Injiniya, ɗauko tukunyar nan ka kawo ta Legas a watan Yuni.

Injiniya: Ai ba za ta yi sanyin da take yi a Dutse ba.

Malama: Me ya sa? Da zarar yarinya ta yi wannan tambayar, ta shigo ɗakina. Za ta ce, "Ina zaton laimar iskar Legas ce ke hana ruwan ƙafewa da sauri." Zato ne, sai an gwada. Ta samo ma'aunin zafi biyu, ɗaya a cikin tukunya, ɗaya a waje cikin inuwa. Ta riƙa dubawa a lokaci guda kullum, tana rubutawa a littafi, ranar da aka yi ruwa da ranar da iska ta bushe. In hunturu ya leƙo wajen Disamba ko Janairu, ta sake. Sharaɗin da ba na ɗaga ƙafa a kansa shi ne, abu ɗaya ake canzawa. Kada ta canza yashi, ta canza girman tukunya, ta kuma mayar da ita gaban fanka duk a rana ɗaya, don ba za ta san wanne ne ya kawo bambancin ba.

Alhaji: In kuma ta gwada ta ga zatonta ba daidai ba ne fa? Ta faɗi ke nan?

Malama: Ko kusa! In awonta na gaskiya ne, cikakken maki zan ba ta. Wannan ne abin da nake so iyaye su ji da kyau. Yara na goge lambobin da suka samu su rubuta waɗanda suke zaton malami na so, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

Injiniya: Nan muka rabu. Ni in yaro ya ce ya ƙera wa mai tumatir a kasuwar Mil 12 abin adana kaya, tumatirin ya ruɓe kamar kullum, sai ya koma ya gyara. Amma ya ajiye na farkon ya nuna wa alƙalai, ya ce ga inda ya gaza, ga abin da na canza.

Alhaji: To gidan kwali da ake manna wa ƙwan fitila da batir, wanda kusan kowane yaro ke kawowa?

Malama: Kwatance ne kawai. Bai amsa tambaya ba, bai warware matsalar kowa ba.

Injiniya: Kuma sau da yawa ba yaron ne ya haɗa ba. Ana zuwa shagona da kuɗi a ce in haɗa wa yaro. Nakan ce a turo shi ranar Asabar ya riƙe waya da hannunsa, in tsaya a kansa.

Alhaji: Na tuna 'yan matan nan na Legas da suka nuna janareta mai aiki da fitsari a bikin baje kolin ƙere-ƙere na Maker Faire Africa na 2012. Su ina za a sa su?

Injiniya: Fasaha. Matsalar wuta da tsadar fetur suka duba, kuma sun cancanci yabo.

Malama: Sosai. Sai dai masana sun yi tambaya a lokacin: fitar da iskar haidirojin da janaretan ke ƙonawa daga fitsari shi ma yana cin wuta, to wadda aka zuba da wadda aka samu, wacce ta fi yawa? Da wani ɗalibi a kulob ɗin JETS, ƙungiyar ɗaliban kimiyya da fasaha ta makarantu, zai auna wannan kaɗai, ya yi aikin kimiyya cikakke, ko da bai ƙera komai sabo ba.

Alhaji: In yaro ya yi duka biyun, ya ƙera kuma ya auna?

Malama: Ya duba abin da zai miƙa wa alƙali. In littafin awo ne da abin da ya gano, ya shiga kimiyya. In na'urar ce da lissafin kuɗinta, ya shiga fasaha, awon ya zama shaidar cewa tana aiki.

Alhaji: Madalla. Malama, Injiniya, Allah ya saka da alheri. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.