Alkawarin "babu haraji" da abin da takardar albashi ke nunawa a Amurka

Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Wani saƙo ne ke ta yawo a zaurukan WhatsApp na mutanenmu a nan Amurka, wai an cire haraji daga obataim da tukwici, kowa ya dage da aiki, kuɗin duk nasa ne. Ga shi lokacin cike takardar haraji ne, 15 ga Afrilu na tafe, mutane har sun fara cin bashi a kan kuɗin da suke zaton hukumar haraji ta IRS za ta mayar musu. Don Allah ku tsaya mu yi lissafi.

A yaƙin neman zaɓen 2024, Donald Trump ya ce zai dawwamar da ragin harajin da ya sa wa hannu a 2017, wanda ya sauke harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21, na manyan masu samu daga 39.6 zuwa 37. Ɓangaren da ya shafi ɗaiɗaikun mutane an tsara ya ƙare ne a ƙarshen 2025, shi ya sa aka yi ta ja-in-ja. Ya ƙara da cewa babu haraji a kan tukwici, babu a kan obataim, babu a kan kuɗin fanshon gwamnati, sannan zai ɗora kuɗin fito na kashi 10 zuwa 20 a kan kayan waje, na China kashi 60. Kamala Harris kuwa ta ce mai samun ƙasa da dala 400,000 a shekara ba za a ƙara masa ko sisi ba, kamfanoni su koma kashi 28, manyan masu samu su koma 39.6, ribar hannun jari ga mai samun sama da miliyan ɗaya ta koma kashi 28. Rangwamen yara, wato ragin harajin da ake ba iyaye a kan kowane yaro, ta ce zai kai dala 3,600, jariri sabon haihuwa 6,000. Maganar tukwici ita ma ta ɗauka.

To, shugaban ƙasa ba ya rubuta dokar haraji, aikin Majalisa ne. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 da ƙyar ta tsallake Majalisar Dattawa, 50 da 50 aka yi sai da mataimakin shugaba JD Vance ya raba gardama. Abin da ya fito kuma ba shi aka faɗa a kan dandamali ba.

Ga obataim ɗin. A ce ana biyanka dala 20 a awa. Ka wuce awa 40 a mako, sai a biya ka 30. Dala 10 ɗin da aka ƙara ita kaɗai doka ta yarda ka cire daga kuɗin da za a lissafa wa haraji, 20 ɗin tana nan da harajinta. Ka yi awa 200 na obataim a shekara, abin da za ka cire 2,000 ne, idan kana matakin kashi 12, abin da zai dawo aljihunka dala 240 ke nan. Kuɗi ne, ban raina ba, amma ba shi mutane ke tsammani ba. Iyakar abin cirewa 12,500 ne ga mutum ɗaya, 25,000 ga ma'aurata. Na tukwici iyakarsa 25,000. Dole kana da lambar Social Security, wato lambar shaida ta hukumar fanshon gwamnati. Mai ITIN, wato lambar biyan haraji da ake ba wanda ba shi da waccan, babu shi a ciki, kuma idan kana da aure sai kun cike takarda ɗaya tare. Duka biyun a 2028 za su ƙare, alhali ragin da manya suka samu an dawwamar da shi. Fanshon tsofaffi ma ba a cire masa haraji ba, ragin dala 6,000 aka ba ɗan shekara 65 zuwa sama, shi ma zuwa 2028.

Ku riƙe takardar albashinku ta ƙarshen Disamba, kada ku yar. Takardar W-2 ta 2025, wato takardar jimillar albashin shekara da wurin aiki ke bayarwa, a wurare da yawa ba ta ware kuɗin obataim daban ba, kai za ka nemo adadin ka sa a fom ɗin Schedule 1-A.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ba a tattauna ba sam. Ɗauki ma'aikaci marar aure mai dala 50,000 a 2025. Za a fara cire masa 15,750 da ba a taɓawa, saura 34,250. Dala 11,925 ta farko kashi 10, ragowar kashi 12, jimilla wajen 3,870. Yanzu duba layin FICA a takardar albashinsa, wato kuɗin fansho da na asibitin tsofaffi: kashi 7.65 tun daga dalar farko, babu ragin komai, dala 3,825. Kusan kunnen doki! Ana ta hayaniya a kan haraji ɗaya, ga ɗan uwansa mai girma ɗaya da shi yana zaune shiru. Kuma kashi 6.2 na fansho a cikinsa ya tsaya ne a albashin dala 176,100 a 2025. Mai albashin miliyan ɗaya tun watan Maris ya gama biyan nasa, mai gadi da mai kula da tsofaffi suna biya har Disamba.

'Yan uwana masu tuƙin Uber da kai abinci, ku naku ya ninka, domin ku ne ma'aikaci ku ne mai gida: kashi 15.3. Ba wanda ke cire muku a hanya, takardar 1099 mai nuna abin da aka biya ku kawai za ta zo. Ku riƙa ware kuɗin kuna biya sau huɗu, 15 ga Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu, in ba haka ba tara za ta hau. Ku rubuta kowane mil da kuka yi na aiki, santi 70 ake cirewa a kan kowane mil a 2025. Mil 20,000 dala 14,000 ce, ta fi duk wani ragin tukwici amfani ga yawancinku.

Sai maganar adalci, inda ake ta musu. Masu goyon bayan ragin suna cewa kashi ɗaya cikin ɗari na masu samu, waɗanda suka fi kowa samu, su ke biyan kusan kashi 40 na harajin kuɗin shiga na tarayya, me kuma ake nema? Gaskiya ne, ba zan musa ba. Sai dai wannan lissafi harajin kuɗin shiga kaɗai ya ƙirga, ya bar FICA, ya bar harajin saye da sayarwa na jihohi, ya bar kuɗin fito. Kuɗin fiton nan ba China ke biya ba. Kamfanin da ya shigo da kaya shi ke biyan kwastam, sannan ya ɗora a farashi, wanda kuma albashinsa ke ƙarewa a kanti duk wata shi ya fi jin zafin.

Sannan babban mai kuɗi ba albashi yake ci ba. Ribar hannun jarin da ya wuce shekara harajinta na ƙoli kashi 20 ne, da ƙarin 3.8, alhali likita mai babban albashi yana iya kaiwa 37. In mai jarin bai sayar ba, babu haraji ko da jarin ya ninka goma. In ya mutu, magada su karɓa a farashin ranar mutuwa, ribar shekaru ta tafi ba a taɓa ta ba. Warren Buffett da kansa ya rubuta a 2011 cewa kashi 17.4 ya biya, ƙasa da na kowa a ofishinsa. Mu da muka tashi da zakka mun saba da akasin haka, dukiyar da ta kai nisabi ta shekara a ajiye ita ake fitar wa kashi biyu da rabi. Nan gumi aka fi tatsa, tarin dukiya na barci. A nan ne nake ganin shirin Harris ya taɓa wurin ciwon, ko da yake kashi 28 ɗinta bai kai 39.6 da Joe Biden ya nema ba, kuma ita ma ba ta ce uffan a kan rage wa ƙaramin ma'aikaci FICA ba. Wanda ke samun dala 390,000 kuma a ce masa matsakaici, a kare shi kamar mai 40,000, wannan ban yarda da shi ba.

Wata jita-jitar da na roƙe ku ku daina yaɗawa: wai in ka ƙara aiki ka hau mataki na gaba, duk albashinka za a yi wa haraji mai yawa. Ba haka ba ne. Ga marar aure a lissafin 2025, dalar da ta haura 48,475 bayan cire-cire ita kaɗai ke ɗaukar kashi 22, na ƙasa suna nan yadda suke. Wanda zai yi hattara shi ne mai iyali da ke karɓar rangwamen EITC na masu ƙaramin albashi ko Medicaid, inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi, domin waɗannan suna raguwa ko su yanke idan samu ya ƙaru.

Rangwamen yara ya koma dala 2,200 daga 2,000, amma yanzu ba yaron kaɗai ake nema wa lambar Social Security ba, sai aƙalla ɗaya cikin iyayen ma yana da ita. Gidaje da yawa na baƙi a nan suka faɗi.

Na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye, mu da ba ma iya barci in watan ya ƙare ba mu aika wa tsofaffinmu komai ba. Daga 1 ga Janairun 2026 akwai harajin kashi ɗaya a kan kuɗin da aka tura waje. Da farko kashi 5 aka nema, aka sauko 3.5, aka tsaya a ɗaya. Yana hawa ne idan ka kai tsabar kuɗi kanta, ko takardar kuɗi da ka saya a gidan waya ko shago. Dala 1,000 a hannu, za a ƙara maka 10 bayan kuɗin aikawa. Idan daga asusun bankinka na nan ka tura, ko da katin banki na Amurka, babu wannan harajin. Mai ITIN ma akwai bankunan da ke buɗe masa asusu da fasfo, ku je ku tambaya kafin azumi ya zo aike-aike su yi yawa.